Ranar Da Aka Toshe Wa Zumar Baba Ƙofa

Na san labarin ya riga ni isowa wurin wasunku: wai na tashi a tsakiyar baƙi, dangin wanda ke nemana, na fita da gudu ko sallama ban yi musu ba. Ba ƙarya aka yi min ba, na yi. Amma har yanzu da nake rubuta muku wannan, hannuna a kumbure, babu wanda ya zaunar da ni ya ce, "Auta, me ya fitar da ke?" To ku zan gaya wa, in ya so ku yi min faɗan daga baya.

Da Baba ya rasu, aka zo kan abin da ya bari, ba wanda ya ko waiwayi akwatunan zumarsa guda bakwai da ke gefen gonarmu a bayan gari. Yaya ya riƙe shago, Umma tana gidanta. Ni na ce a bar min zumar. Yaya ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Duk karatun noman da kika yi a jami'a, a kan ƙwari zai ƙare?" Na ce eh, a kansu zai ƙare.

Baba da kunne yake kiwonsu. Yakan jingina kansa jikin akwati ya yi shiru, sai ya ɗago ya ce lafiyarsu lau, ko ya ce yau ransu a ɓace yake. Ni ban gaji wannan kunnen ba, kuma gonar da nisa, ba kullum nake samun zuwa ba. Sai na saka wa kowane akwati 'yar na'ura a ƙarƙashin murfi, ba ta fi kwalin ashana ba, tana auna zafi da laima, tana kuma sauraren gunjinsu. A ƙasan akwatin akwai sikeli. Ƙaramin faifan hasken rana ke ba su wuta, su kuma su turo min komai a waya. Gidan zuma mai lafiya zafinsa ba ya wuce digiri talatin da biyar, ko ana sanyi ko ana rana, don su da kansu suke fifita shi da fukafukansu. Da safe nauyin akwati yakan ɗan ragu, ma'aikata sun fita kiwo. Da yamma ya hau. Ina kwance a ɗakina nake ganin fitarsu da dawowarsu, kamar mai leƙen 'ya'yanta ta taga.

Abin da ke ƙona min rai da masu kiwon zuma a wajenmu shi ne, kowace shekara sai su yi asara, ka tambaye su me ya faru, su ce, "Zuma ta gudu, haka Allah ya so." Ba mai tambayar me ya kore ta. Yunwa ce? Zafi ne? Feshin maƙwabci ne? Oho. A share akwati a jira wata. Na yi wa kaina alkawari cewa zumar Baba ba za ta mutu ina cewa ban sani ba.

Ta dalilin feshin ma na san Mai Lambu. Lambun lemunsa ne ke jikin gonarmu, shingen waya kawai ya raba. Wata rana na ga gunjin akwati biyu ya yi ƙasa a waya, na je na tarar da gawarwaki zube a bakin ƙofa. Na kwashe su a tafin hannu, na tsallaka shinge, na same shi yana duba famfon ban ruwa, na zuba masa su a kan takalmi.

"Malam, ka san waɗannan?"

Ya dube su, ya dube ni, ya ɗan ja da baya. "Suna cizo?"

"Sun mutu. Kai ka kashe su. Kuma su ne suke yi maka aikin furen lemun nan ba ko sisi."

Na zaci zai yi min irin ta maza, ya ce yarinya ki kama gabanki. Sai ya cire hula ya ce in yi masa bayani. Na yi, da faɗa da komai, ya saurara har na gama. A ranar muka shirya: duk lokacin da zai yi feshi zai gaya min tun ana gobe, in zo in rufe ƙofofin da raga, in shimfiɗa jiƙaƙƙun buhuna a sama, in sa musu ruwa, sannan in buɗe da zarar maganin ya bushe. Ya cika alkawari. Yakan tsaya can bayan shinge yana kallona ina tsugune a bakin akwatunan, ba ya matsowa, don tsoron harbi yake kamar ƙaramin yaro. Daga "gobe zan yi feshi" saƙonninsa suka koma "Uwar Zuma, kin tashi lafiya? Ya 'yan aikin namu?" Ba zan ɓoye muku ba, nakan yi murmushi ni kaɗai.

Umma kuwa, ranar da ya fara zuwa gaishe ta, kamar an yi mata albishir da gidan sama. Shekaruna sun kai inda kowace baƙuwa in ta shigo sai ta dube ni ta ce, "Allah ya kawo nagari," da muryar ta'aziyya. Don haka da aka ce Gwaggonsa, wadda ta riƙe shi tun yana ƙarami, za ta zo da yayarsa su gan ni, Umma ta juya gidan nan kaf. An sauke labule an wanke, an fito da kofunan da ke cikin kabad tun ina firamare ba a taɓa shan ko ruwa da su ba. Matar Yaya ta kwana biyu tana zuwa taya aiki.

Da sassafe ranar, ina fitowa daga wanka na miƙa hannu zan ɗauki wayata a kan gado, Umma ta riga ni.

"Yau dai ki bar min wannan abar."

"Umma, bari in duba su sau ɗaya kawai."

"Sau ɗayanki na sani. Za ki zauna gaban mutane kanki a sunkuye kina latsa waya, su ce ba ki da tarbiyya. Ƙwarin nan tun kafin a haife ki suke rayuwarsu ba waya."

"Baba yana nan lokacin."

Ta yi kamar ba ta ji ba. Ta shige ɗakinta da ita. Na bi bayanta da kallo, na ce a raina wuni ɗaya ne, ba feshi, ba iska, ba komai. Me zai faru?

Aka sa ni cikin doguwar riga ruwan toka mai aikin zare a wuya, wadda hannunta ya sauko har wuyan hannu, don Umma ta ce a rufe tabon harbi. Matar Yaya ta ara min takalminta mai tsini, ta yi min kwalliya tana cewa, "Ki daina haɗe gira, Auta, ba taron manoma za ki ba. Kuma don Allah in an tambaye ki, amsa gajeriya. Kar ki ɗauko musu lacca."

Sun iso rana ta fara zafi. Gwaggon doguwa ce, mai tabarau, irin matan da suke duban kusurwar ɗaki kafin su dubi mutum. Na durƙusa na gaishe su, na zuba shayi.

"Ke ce mai zumar," in ji Gwaggo. "Yaron nan ya ishe mu da labarinki. Da ko kyankyaso ya gani sai ya hau kujera, yanzu wai shi ne mai kare haƙƙin ƙudan zuma."

Aka yi dariya. Yayarsa ta ce, "To in an yi aure a ɗaki za ki ajiye su, ko a falo?"

"Suna da gidansu, Yaya," na ce. "Ni ce dai zan riƙa kai musu ziyara."

"Wasa ne na ƙuruciya," Umma ta yi saurin cewa. "Da ta shiga ɗakinta za ta manta."

A lokacin ne na ji shi, can ƙasa ƙasa daga ɗakin Umma. Na sa wa wayar wani sauti na daban, mai kaifi, wanda ba ya tashi sai akwati yana cikin haɗari. Na yunƙura, Umma ta watsa min wani kallo da ya mayar da ni kan kujera, ta tashi da kanta tana cewa bari ta ɗauko turare. Sautin ya ɗauke. Ta dawo da murmushinta.

Na zauna ina lallashin kaina. Wataƙila batir ne ya yi ƙasa. Wataƙila akuya ce ta ture faifan rana, ta taɓa yi. Gwaggo tana ba da labarin ciwon gwiwarta da likitan da bai san aikinsa ba, ina cewa "Allah ya sawwaƙe" a inda ya dace da inda bai dace ba. Aka ci abinci, aka yi salla, aka dawo aka zauna. Rana ta take sosai, har fanka ta koma hura iska mai zafi. Sai da na kai kwanuka kicin matar Yaya ta matso ta raɗa min.

"Wayarki fa tun ɗazu take kuka kamar motar asibiti. Umma ta kashe ta, tana ƙarƙashin katifa. Ban gaya miki ba."

Na shiga ɗakin Umma a karo na farko a rayuwata ba da izininta ba. Na kunna wayar, na tsaya ina jiran ta farka kamar ina jiran sakamakon asibiti. Saƙon Mai Lambu na fara gani, tun na asuba:

"Uwar Zuma, masu feshi sun ce yau kawai suke da sarari. Ban so in tayar miki da hankali a ranarki. Na rufe miki su da kaina, ruf, ko iska ba za ta shiga ba balle magani. Sun harbe ni amma na daure. Da yamma zan buɗe. Ki yi wa Gwaggo murmushi."

Har da hoton fuska mai dariya a ƙarshe.

Sai na buɗe shafin akwatunan. Duka bakwai ja. Nauyinsu bai motsa ba tun safe, babu wadda ta fita kiwo, abin da da kallo ɗaya zan gane da an bar ni na duba. Layin zafi ya tashi kamar tsani, ya wuce arba'in, ya ci gaba. Gunjinsu ya hau, ya hau, irin hawan da ban taɓa gani ba. A biyar daga ciki kuma, layin ya faɗo ƙasa ya miƙe.

Ban tuna na ratsa falo ba, amma an ce na ratsa. An ce Umma ta kira sunana, Gwaggo ta sauke tabarau. Abin da na tuna shi ne ina bayan mai babur, takalmin matar Yaya a hannuna, ina kiran Mai Lambu ina cewa, "Ka je ka buɗe su yanzu, yanzu," shi kuma yana cewa yana cikin gari wurin sayen taki, me ya faru, ai maganin bai gama bushewa ba.

Tun daga bakin hanya na hango shuɗin tamfol. Mai Lambu ya lulluɓe jerin akwatunan gaba ɗaya, ya ɗaure da igiya, ya danne gefe da duwatsu. Aiki mai kyau, aikin mutum mai kula. Na janye duwatsun, na fizge tamfol ɗin, wani zafi ya bugi fuskata kamar an buɗe tanda, da wari mai zaƙi na narkakken kaki. Kowace ƙofa ya cusa mata soso, ya bi da salatif layi layi. Har ramukan shan iska na sama ya liƙe. Daga can bayan shinge yake ganina ina tsugunawa a bakin ƙofa, bai taɓa matsowa ya ga cewa raga nake sawa ba. Zuma kuwa in ta ji an kulle ta sai ta ruɗe, in ta ruɗe sai ta ƙara zafi, zafin ya ƙara ruɗa ta.

Ban tsaya ɗauko rigar aiki a rumfar gona ba. Na ɓare salatif na akwatin farko da farce, na zaro soson. Zuma ce ta fara malalowa, mai ɗumi, sannan su. Baƙaƙe, jiƙe sharkaf, a dunƙule, duk sun taru a bakin ƙofa inda suka san hanya take. Na ɗaga murfi. Saƙar ta narke ta rufta a kansu, da ƙwai da 'ya'ya da komai. Na wuce na biyu. Na wuce na uku. Wannan shi ne wanda Baba ya ƙera da hannunsa, har yanzu da alamar fensirinsa a jikin katako. Na shida yana da sauran motsi lokacin da na duba waya a gida, amma kafin in iso shi ma ya yi shiru.

Ban yi ihu ba. Na dai ji ina ta cewa, "Ku yi haƙuri, ku yi haƙuri," ban san ko da su nake ba ko da Baba.

Na bakwai yana ƙarshen layi, ƙarƙashin inuwar bishiya, kuma tamfol ɗin bai kai ya rufe bayansa ba. Ina zare soson suka fito min a fuska, suka harbe ni a wuya, a hannu, ta cikin rigar nan mai aikin zare. Wallahi ban taɓa jin daɗin harbi irin na ranar ba. Na ɗebo ruwa a randar rumfa, na jiƙa mayafina na shimfiɗa a kan murfin, na yayyafa a jikin katako. Da suka ɗan lafa na buɗe a hankali. Fiye da rabi sun mutu. Saƙar ta yi laushi kamar a taɓa ta zube. Amma a tsakiya, cikin 'yan tsirarun da suka kewaye ta suna fifita, na ga sarauniyar tana tafiya, da ɗigon farin fentin da na sa mata a baya.

Ina nan tsugune na ji tsayuwar motarsa. Ya tsallako shingen da bai taɓa tsallakawa ba sai yau da asuba. Idonsa ɗaya a rufe don kumburi, leɓensa kamar an hura, hannayensa sun yi suntum. Ya dubi tarin baƙin da ke bakin kowane akwati, ya dubi soson da ke ƙasa. Na ga lokacin da ya gane.

"Na ɗauka haka kike yi," ya ce.

"Raga nake sawa."

"Ban gani ba. Daga can ba a gani."

"Da ka tambaye ni."

"Na turo miki saƙo tun asuba. Da kika yi shiru na ce kin gani, kin yarda."

Da mugunta ya yi, da na san inda zan ajiye fushina. Mutumin da ke tsoron kyankyaso ya tashi da duhun safiya ya sa hannu a bakin gidan zuma bakwai saboda ni. Ya tsuguna nesa kaɗan, ya rufe fuska da kumburarrun hannayensa.

Wayata ta yi ƙara. Umma.

"Kina ina? Kin san abin da kika yi min kuwa? Matar nan ta tashi ko shayinta ba ta ƙarasa ba."

"Umma, zumar Baba ta mutu. Shida."

Na ji numfashinta. Na yi zaton za ta ce wani abu game da Baba, don ita ce take tace masa zuma a tsakar gida shekara da shekaru.

"Allah ya mayar da alheri," ta ce. "Haka Allah ya so. Ki dawo ki canza kaya, Yayanki zai kai ki ki ba su haƙuri tun abin bai yi nisa ba."

"Wayar ta yi ta kira, Umma. Kin ji ta."

"Auta, ƙwari ne fa. Ana samun wasu. Miji irin wannan ba a samunsa a bakin hanya."

Na kashe. Ban taɓa kashe wa Umma waya ba. Ku da za ku ce na yi rashin kunya, na ji, na karɓa. Amma ku gaya min, me ya rage da ba a yi ba? Na'urar ta yi aikinta. Ta gani tun zafin bai kai ko'ina ba, ta kira, ta sake kira. Mu ne muka sa ta ƙarƙashin katifa don kada baƙi su ji. Sannan mu ce haka Allah ya so.

Mai Lambu ya ɗago. "Zan saya miki wasu. Ko nawa ne."

"Ba a sayar da na Baba."

Ya gyaɗa kai. Ya daɗe yana kallon akwati na bakwai, inda 'yan kaɗan suka jeru a bakin ƙofa suna kaɗa fukafukai, suna fitar da zafin.

"Wannan zai rayu?"

"In an bar shi. Ba zan iya ɗaga shi in kai wani wuri ba, saƙar za ta rufta. Ba zan iya sake rufe shi ba, ko da raga, ba su da ƙarfin da za su jure. Dole su fita su nemo ruwa da abinci, kuma furen da ke kusa naka ne."

Sai na ga ya kawar da kai.

"Me ne ne?" na ce.

"Rabin lambun kawai suka yi yau. Ɓangaren da ke jikin shingenku jibi za su dawo su ƙarasa." Ya waiwaya ya dubi lambun. "Ƙwarin da ke cin lemu sun ci ƙarfin bishiyoyin, Uwar Zuma. In na jira fure ya zube, ban san abin da zan tsinka bana ba. Kuma ba ni kaɗai ke ci daga lambun nan ba, kin sani. Gwaggo, da yaran yayata."

"Na sani."

"To ya zan yi?"

"Ni ba zan gaya maka ba. Na dai gaya maka abin da zai faru da su."

Muna cikin haka wayarsa ta ɗauki ƙara a aljihu. Ya zaro ta da ƙyar, don yatsunsa ba sa lanƙwasuwa. Ya duba, ya juyo min da fuskar wayar in gani: shugaban masu feshin ne.

Na juya masa baya. Na jawo bokiti, na fara kwashe gawarwakin akwatin Baba da hannuna, zuma tana bin hannun rigata har gwiwar hannu. Wayar ta yi ta kuka har na ɗauka zai bar ta ta katse. Sai na ji ya ɗaga, ya yi sallama, ya yi gyaran murya.

"Yauwa," ya ce. "Dama ina nemanka a kan maganar jibi."

Na tsaya cak, hannuna cikin bokitin, ban waiwaya ba.